Na Ce A Goge

Kwarin Gauta, bayan Assakio.
Watan Mayu.

Zuwa ga Madam Erdoo,
Ofishin Ƙungiyar Gadar Murya, garin Lafiya.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Ni ce Zuwairatu, matar marigayi Malam Sha'aibu mai kula da ƙarfen sabis na ƙauyenmu. Za ki tuna ni. Ni na zuba miki sakwara ranar biki, kika ce yaji ya yi yawa, amma ba ki rage ba.

Madam, sai ranar sadakar bakwai na gane abin da ya same mu.

Ina ɗaki bayan labule aka ce ga motar ofis ta iso. Har raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe ba su manta da shi ba. Maza biyu ne. Suka yi ta'aziyya, suka ci waina, sannan ɗaya ya matso bakin ƙofa ya ce makullin akwatin da ke gindin ƙarfe suke so. Mai Unguwa ya tambaye shi, to wa zai hau ya ƙarasa gyaran da marigayi ya fara? Sai ya ce, "Haba Baba, ai tun ranar handoba ofis ba ruwansa da ƙarfen nan. Naku ne. Akwati kawai muka zo ɗauka, shi na masu tallafi ne."

Ranar handoba. Mu nan ranar biki muke ce mata. Tafinta ya ce an miƙa mana kyauta, muka yi guɗa. Mun yi anko, an yanka rago, an ɗaura wa baturiyar nan ta masu tallafi zani da ɗankwali, aka cika mata bayan mota da doya. Ashe sallama kuke yi da mu, mu kuma muna rawa. Ashe tun wannan ranar, mijina Baban Rahmat ya daina zama ma'aikacinku. Ya fi shekara yana sa rigarku yana fita kullum da safe, ya share sola, ya zuba ruwan batir, ni kuma ina wanke rigar ina yi mata guga, ina jin ni matar ma'aikaci ce.

Ban sani ba ko an gaya miki yadda ya rasu. Iskar ruwan farko ce ta juya farin faifan nan da ke can ƙololuwar ƙarfe, wanda yake kamo mana sabis daga Lafiya. Waya ta ɗauke a garin gaba ɗaya. Kin san kwarinmu, kafin ƙarfen nan sai mutum ya hau dutse yake samun sanda ɗaya a wayarsa. Mutane suka yi ta sallama a ƙofar gida. Ungozoma ta zo ta ce tana da mai ciki da take so ta yi magana da asibiti a kanta. Ya yi sallar azahar ya ce bari ya je ya juyo shi. Na ce ina bel ɗin da kake ɗaurawa? Ya ce yana ofis ana gyara shi. Igiyar guganmu ya kwance ya tafi da ita. Ban ga faɗuwarsa ba. Ina tankaɗe na ji wata ƙara, kaji suka watse.

Ba shari'a nake nema ba, ba kuɗi ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ko da mutanenki suka tambaye ni ta bayan labule, a bar wa gari datar da ke cikin akwatin ko a goge ta, cewa na yi a goge. Me za mu yi da data ba sabis? Ban so a ce matar Sha'aibu ta riƙe wani abu na ofis ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Muryarsa.

Kin san kowace safiya yakan shiga ya ɗauki sanarwa a akwatin nan, duk wanda ya danna bakwai-bakwai a wayarsa sai ya ji shi kyauta. Farashin doya da riɗi a kasuwar Assakio, ranar da masu rigakafi za su zo, akuyar wane ta ɓata, an yi haihuwa gidan wane. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Gwandara. Yakan yi gyaran murya kafin ya fara, kamar liman. In zai rufe kuma sai ya ce, "Ku kula da kanku, ku kula da batirinku." Ya taɓa gaya mini akwatin ba ya mantuwa, duk abin da ya faɗa tun ranar farko yana ciki.

Sai bayan motarku ta tafi na tuna. 'Yata Rahmat, shekararta huɗu, ta ɗauki wayata ta danna bakwai-bakwai yadda ta saba, ta sa a kunne, ta ce, "Umma, Baba bai tashi ba." Ni ba ni da muryarsa a wayata ko ta sakan ɗaya. Me zai sa in ɗauka, mutum yana gida?

Don Allah Madam, a juye mini ko kaɗan ne a memori. Da kaina zan zo in roƙe ki, to ina cikin takaba, ba na fita. Ba waya kuma. Shi ya sa na rubuto, a yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya. Torkula mai motar doya zai kawo miki, ta hannunsa za a ba da amsa.

Ki huta lafiya.
Taki,
Zuwairatu.

*

Ƙungiyar Gadar Murya,
Garin Lafiya.
Farkon watan Yuni.

Zuwa ga Malama Zuwairatu Sha'aibu.

Bayan gaisuwa, na sami wasiƙarki. A madadin ƙungiya da ni kaina, ina yi miki ta'aziyyar Malam Sha'aibu. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri. Na tuna ki, na tuna sakwarar. Ki yi haƙuri da Hausata, ni Tibi ce, a kasuwar Lafiya na koya.

Ina so in yi bayani don kada a sami rashin fahimta. Shirin ƙarfen sabis na ƙauyuka tallafi ne na shekara uku daga ƙasar waje. Tun farko an tsara cewa in wa'adi ya cika, al'umma za ta ci gaba da kula da shi. Wannan shi ne handoba. Mun nemi ƙarin wa'adi har sau biyu, ba mu samu ba. Masu tallafi a yanzu sun fi son a gina sabon abu a sabon wuri. Kula da wanda aka riga aka gina ba ya cikin abin da suke ba da kuɗi a kai. Ba ni na tsara haka ba.

Game da akwati, yana sito tare da na sauran ƙauyuka. Raymond, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo wurinki, shi ke kula da injuna, kuma ya yi tafiya. Zan yi masa magana in ya dawo. Amma bisa ƙa'ida ba ma ba direba wani abu daga sito. Sai mai abu ya zo da kansa, ko ɗan'uwa na jini. Ofishin nan kuma za a rufe shi ƙarshen wannan wata, duk kaya za su wuce Abuja. Ina ba ki shawara a hanzarta.

Sai kuma wata alfarma. Muna rubuta rahoton ƙarshe, da takardar neman sabon tallafi don wasu ƙauyuka a wata jiha. Kwarin Gauta ne abin alfaharinmu, domin shi ne ya fi daɗewa yana aiki bayan handoba. Muna da hoton Malam Sha'aibu a kan ƙarfe yana murmushi, muna so mu sa shi a bangon rahoton. Tun da ya rasu, yardarki ake bukata. Ki tuna, in aka sami tallafin, wasu mata da yara ne za su amfana. Na tabbata shi ma zai so haka.

Na gode.
Erdoo Iorkyaa,
Jami'ar Shiri.

*

Kwarin Gauta.

Assalamu alaikum Yaya Jumai.

Ina gaisuwa. Ya Akurba, ya kasuwa, ya ƙafar taki? A gaida Baban su Muhibbat da yara. Na gode da shinkafa da sabulu, sun iso.

Yaya, aike zan yi miki, kar ki ce na cika damu. Ga wasiƙar da matar ofishin su Baban Rahmat ta aiko, Muhibbat ta karanta miki. Muryarsa nake nema a cikin akwatin da suka ɗauke, sun ce sai ɗan'uwa na jini. Ba ni da kowa a Lafiya sai ke. Ki sayi memori sabo ki tafi da shi, kar su ce babu abin zubawa.

Na tambayi Liman ko zan iya fita, ya ce in larura ce babba ana iya zuwa a dawo kafin rana ta faɗi. Na ce murya ce. Sai ya ce in yi haƙuri in aika. Ko ma ya yarda, hanyar nan ta lalace da ruwa, ungozoma ta ce kar in kuskura in hau mashin. Abin da kika yi zargi ranar uku gaskiya ne, Yaya. Ciki ne, har ya fara motsi. Kin ga ke nan takabata sai ranar da na sauka, su kuma ƙarshen wata za su rufe.

Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Rahmat ta san muryar ubanta, ko ta manta wata rana za ta ce ta taɓa ji. Wannan na cikin fa? Ni kaina jiya na zauna ina so in tuna yadda yake cewa "Zuwai" in ya shigo da yunwa, sai na ji ta fara yi mini nisa. Fuskarsa tana nan. Muryar ce take zamewa.

Maganar hoto ban ba su amsa ba. Kar ki amsa musu komai a kai.

Kuma don Allah Yaya, ban da faɗa. Na san ki. Roƙo za ki je yi, ki karɓo ki fito.

Ƙanwarki,
Zuwai.

*

Akurba.
Ranar Laraba.

Wa'alaikumus salam Zuwai.

Ya haƙuri, ya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Ai na faɗa, kika ce kumburin kuka ne. Muhibbat ce ke rubutawa, na ce mata duk abin da na faɗa ta sa, kar ta gyara mini baki.

Na je. Kin ce ban da faɗa, to na yi ƙoƙari har wajen rabin awa.

Tun daga bakin ƙofa na ci karo da mijinki. Hoto ne ƙato, ya fi ƙofar ɗakinki tsawo, yana kan ƙarfe yana dariya, da hular kwano, da bel ja ɗaure a ƙugunsa har da ƙugiyoyi. Suna neman izinin sa shi a takarda, alhali sun daɗe da manna shi a bango.

Ofishin duk kwalaye, ana ta ɗaure kaya. Madam ɗin ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ba ni kujera da ruwan leda. Ita ma ta rame, na ji ana cewa in an rufe ba ta da wurin zuwa. Akwai wata taswira a bayanta da ɗigo-ɗigo, jajaye da yawa, kore guda ɗaya tak. Na ce wannan koren fa? Ta ce Kwarin Gauta ne. Jajayen ƙauyukan da sabis ɗinsu ya mutu ne bayan handoba, wasu ko wata uku ba su yi ba. Na ce to ai naku koren ma ya mutu. Ta ce ba a sabunta taswirar ba.

Sai ga wannan Raymond ya shigo, dogo, da igiyar kati a wuya. Ya dube ni ya ce, "Mama, kai ne sista na matan Sha'aibu?"

Na ce, "Ni ba kai ba ce, ɗana. Ke ce."

Ya yi dariya ya ce, "Sori Mama. Sha'aibu mutumina ne fa. Wannan mutum, injiniya ne ba satifiket. Saboda shi turawa suka yarda tsarin yana aiki. Duk miting sai sun ce, ku duba Kwarin Gauta, ba a ba su ko sisi amma sabis yana nan. Al'umma ta tsaya da ƙafanta."

Na ce, "Wace al'umma? Mutum ɗaya ne, kuma ga shi can a ƙasa."

Kin ji, Zuwai? Da ya bar abin ya mutu kamar na sauran, watakila da sun ce tsarin bai yi ba, a ƙara tallafi. Da ya riƙe shi da guminsa, sai suka ce kun gani, ba sa bukatarmu. Wahalarsa ce ta zama hujjarsu.

Na ce to ina bel ɗin da ake gyarawa? Suka dubi juna. Raymond ya ce, "Wane gyara? Bel ba abin da ya same shi. Ranar handoba aka karɓe, kayan ofis ne. Ya zo nan ya roƙa a bar masa, ya sake zuwa. Oga ya ce in an bar wa wanda ba sitaf ba, wani abu ya faru, ofis za a kama."

A nan ne rabin awar ta ƙare. Na ce yau ga shi wani abu ya faru, wa aka kama? Na ce kun ci ragonsu, kun kwashi doyarsu, kun bar musu ƙarfe ya fi rimi tsawo kun tafi da abin hawa. Na faɗi wasu maganganun da Muhibbat ta ce ba za ta rubuta ba. Maigadi ya leƙo, na ce masa ya koma, ban gama ba.

Kar ki riƙe mijinki da wannan ƙaryar ta gyara. Ya san in ya ce miki sun karɓe, za ki kwanta a bakin ƙofa ki ce sai dai ya taka ki.

Suka kai ni sito. Bel-bel ɗin suna nan jibge a kwana kamar kayan gwanjo, ƙura ta rufe su. Na ga wanda aka rubuta sunansa da biron maka a jiki, na ɗauka na sa a jaka. Raymond ya ce, "Mama, abeg, wannan yana cikin kaya na Abuja." Na ce to Abuja ta zo Akurba ta karɓa, gidana ne mai shuɗin get kusa da mai niƙa. Madam ta ce masa ya ƙyale ni. Ga shi nan na ba Torkula a baƙar leda. Ban san me za ki yi da shi ba, ni dai ban iya barinsa a can ba.

Akwati kuwa na gan shi. Na miƙa memori. Abin da aka gaya mini a kansa, na ce wa Madam ba ni zan kai miki ba. Bakin da ya yi tambayar shi zai ba da amsa. Ta ce za ta rubuto, na tsaya a kanta har ta rantse da littafinsu.

Ki ci abinci, Zuwai. Ba don ke ba, don na cikin. Ina nan zuwa bayan kasuwar Alhamis in ƙafa ta bar ni. Ki shafa mini kan Rahmat.

Yayarki,
Jumai.

*

Garin Lafiya.
Ƙarshen watan Yuni.

'Yar'uwata Zuwairatu,

Ina gaishe ki, ya haƙuri, ya jiki? Wannan ba a takardar ofis nake rubutawa ba. Jiya aka cire allonmu daga bakin get.

Babu muryar a cikin akwatin. An goge.

Tun da na karanta wasiƙarki ta farko gabana ya faɗi a kan layi ɗaya, inda kika ce an tambaye ki maganar data. Na yi ta addu'a Raymond bai kai ga akwatinku ba. Ashe washegarin da suka dawo ya yi aikin.

Ke da kika ji data, kin ɗauka wadda ake saya a waya ce don shiga intanet. Kowa a garin nan haka zai ɗauka, uwata ma haka. Amma a bakin ofis, data ita ce duk abin da injin ya ajiye. Sunaye, lambobi, saƙonni, muryoyi. Sanarwar Malam Sha'aibu duka data ce. Masu tallafi suna da doka: in shiri ya ƙare, a tambayi al'umma, ko a juye musu ko a goge, don kada sirrin mutane ya faɗa hannun wani. An yi dokar ne don a kare ku. Mai Unguwa ya ce maganar akwati sai gidan Sha'aibu. Aka tambaye ki, kika ce a goge. Da kin ce a bari, aikin minti kaɗan ne.

Na tambayi Raymond me ya sa bai ce murya ba. Ya ce yadda aka rubuta tambayar haka ya karanta. Na sa shi ya kai injin wurin masu gyara a kasuwa, suka ce irin gogewar da aka yi ba ta dawowa. Haka dokar ta ce a yi.

Na bincika ko'ina. Abu ɗaya na samu, na zuba miki a memorin da yayarki ta bari. Bidiyon da turawa suka ɗauka ranar handoba ne, wanda suke nunawa a tarurrukansu. Malam Sha'aibu yana ciki yana magana. Amma sun ɗora kiɗa, sun kuma ɗora muryar wani bature a kan tasa yana fassarawa. Ana jin sa kaɗan a farko kafin baturen ya shigo. Asalin ɗaukar yana wurin kamfanin da ya yi bidiyon a can ƙasarsu. Na rubuta musu. Injin ne ya ba ni amsa, ya ce shirin ya rufe, sun gode da sha'awata. Zan sake rubutawa, amma ba zan yi miki alkawari ba.

Maganar hoto, Abuja suna ta kirana. Na ce musu ba ki amsa ba. Duk abin da kika ce shi zan gaya musu, ba zan ƙara ba zan rage ba.

Ina Ashige yanzu wurin ƙanwata, Torkula ya san gidan. Ban san yadda ake ba da haƙuri a kan irin wannan ba. Ki yafe mana in za ki iya.

Erdoo.

*

Kwarin Gauta.
Watan Satumba.

Madam Erdoo,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ƙanwarki. Allah ya buɗa miki wata hanyar. Na daɗe ban amsa ba, hannuna ne ya ƙi.

Na sauka lafiya, namiji. An mayar masa da sunan ubansa, muna ce masa Ameer. Takabata ta ƙare. Yanzu ina iya zuwa ko'ina, ba inda zan je.

Na ce a goge, gaskiya ne, da bakina. Amma ba abin da aka tambaye ni ke nan ba. Sau biyu ke nan kuna yi mana magana da kalmar da kuka san ba haka muka ji ta ba, ranar handoba da ranar bakwai, duk biyun kuma muka ce mun gode. Ke na yafe miki. Sauran ban san su ba, ban san wa zan yafe wa ba.

Na kalli bidiyon. Ya yi gyaran murya, ya ce "Assalamu alai," sai baturen ya hau kansa. Bakinsa yana ta motsi har ƙarshe. Na san wurin da ya ce a kula da batir, na gane a leɓensa. Nakan sa wa Ameer wannan gyaran muryar a kunne, in mayar baya, in sake sawa.

Ki gaya wa Abuja ban yarda ba. In suna son fuskarsa, su kawo muryarsa. In kuma dole sai sun sa hoto, su zo su ɗauki ƙarfen yadda yake yau.

Solar tana aiki, a nan ake cajin waya, sannan a hau dutse neman sabis kamar da. Bel ɗin yana rataye a bayan ƙofata. Samari biyu sun zo aro za su hau, na hana, don ba wanda ya koya musu ɗaura shi.

Ki huta lafiya.
Zuwairatu.

Faifan yana nan yana kallon inda iska ta juya shi, ba a gyara ba. Rahmat tana danna bakwai-bakwai kowace safiya. Har yanzu ban gaya mata an goge ba.